Idan Birkin Faifai Ya Ƙi Saki: Yadda Ake Gano Inda Ya Riƙe a Babur

Makanikan da suka saba da Boxer da sauran baburan haya masu birkin durom sukan ɗauki birkin faifai tamkar abu ɗaya ne da wancan, kuma daga nan ake fara ɓata aiki. A birkin durom akwai sifirin mai ƙarfi da ke fizgo takalman birki baya da zarar an saki. A birkin faifai, irin wanda ke gaban Pulsar, Apache, Yamaha YBR 125 da roba-roba da yawa, babu wani sifirin da ke janye fad, wato takalmin birkin da ke matse faifai, daga jikinsa. Abubuwa biyu ne ƙanana ke sa ya saki.

Na farko sil ne, zoben roba mai kusurwa huɗu da ke zaune cikin kwari a jikin kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad a kan faifai, yana rungume da fistin ɗin da ke tura fad. Idan fistin ya fito sai zoben ya ɗan karkace, idan matsi ya sauka sai ya miƙe ya jawo fistin baya da kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Iyakar sakin ke nan. Na biyu wani ɗan rami ne a ƙasan kofin mai na masta, wato ɗan famfon da hannun birki ke turawa, faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, ta nan man birki ke komawa kofi idan an saki hannu. Muddin ramin nan a toshe yake, mai ba shi da wajen zuwa, matsi yana nan a kan fad.

Don haka duk birkin faifan da ya riƙe, ɗayan biyu ne: ko mai ya ƙi komawa, ko wani ƙarfe ya ƙi motsi. Gwajin da ke raba su bai fi minti biyar ba da sifana mai lamba 8. A yi shi kafin a kwance komai, domin da zarar an cire kalifa shaidar ta tafi, sai lalube.

A fara tabbatar da cewa ya riƙe

Ɗora babur kan ƙafar tsakiya, wani ya danne bayansa ko a tokare ƙasan inji da katako har tayar gaba ta bar ƙasa. Matsa birki da ƙarfi sau uku, ka saki, ka wulwula tayar da hannu ɗaya. Ɗan sautin gogar fad a jikin faifai ba laifi ba ne, dama kullum dab da juna suke. Taya mai lafiya takan yi zagaye ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye, kafin ta tsaya a hankali. Wadda ta tsaya cak da zarar ka ɗauke hannu, ko wadda sai da hannu biyu take juyawa, birkinta ya riƙe.

Lura da irin riƙon. Idan wuri ɗaya take cijewa a kowane zagaye sannan ta saki, ido ya koma kan faifai da boris, za a zo kansu. Idan nauyin daidai yake ko'ina, matsalar tana kalifa ko hanyar mai.

Akwai kuma wanda da safe lafiya lau yake, sai an yi tafiya ya fara nauyi: babur ya ƙi ja, ya riƙa shan mai fiye da kima, hannun birki ya yi tauri ya daina wasa, ƙaurin ƙuna ya riƙa tashi daga taya. Irin wannan sai an fita da shi. Nemi hanya marar cunkoso, ka yi kilomita 2 zuwa 3 ba tare da taɓa birkin da ake zargi ba, ka tsaya da ɗayan. Kada ka kai yatsa kai tsaye, yayyafa ruwa kaɗan a kan faifan. Ya kamata ya kasance da sanyi ko ɗumi-ɗumi. Idan ruwan ya yi cuu ya ƙafe, birki na aiki shi kaɗai. Wannan nau'in shi ne mafi haɗari, domin kansa yake ciyarwa: guga ta kawo zafi, zafi ya kumbura man birki, man ya ƙara tura fistin, guga ta ƙaru, har taya ta kulle ana cikin gudu.

Gwajin bilida

Bilida ita ce 'yar ƙusa mai rami a saman kalifa, wadda ake fitar da iska ta cikinta, galibi da 'yar hular roba a kai. Gwajin yana aiki ne kawai a lokacin da birkin yake riƙe, saboda haka idan sai ya yi zafi yake kamawa, ka tafi da sifana a aljihu ka yi shi nan take a inda ya kama.

Cire hular, ka saka siririn tiyo mai haske a bakin bilida, ko ka tara tsumma don kada mai ya zuba kan fad da faifai. Da sifana mai zobe, ba mai buɗaɗɗen baki ba, buɗe ta rubu'in zagaye. Kada kowa ya taɓa hannun birki. Ka rufe nan da nan, ka juya taya.

Idan mai ya yi tsartuwa kuma taya ta saki sakayau, matsi ne ya maƙale. Kalifa ba ta da laifi, a bar ta. Idan mai ya ɗan ɗiga kawai kuma taya na nan yadda take, hanyar mai lafiya lau, sai a koma kan fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, fad da fistin.

Idan matsi ne, akwai tambaya ta biyu: a masta ya tsaya ko a tiyo? Sake matsa birki har ya kama. Lulluɓe tanki da fenti da tsumma mai ruwa, domin man birki na cin fenti cikin mintuna. Wannan karon sassauta babbar ƙusar da ta ɗaure tiyo a jikin masta, can sama wajen kan babur, mai kai 12 ko 14. Idan taya ta saki, masta ne ko hannun birki. Idan ba ta saki daga sama ba amma tana saki daga bilida, tiyo ne ya lalace daga ciki. A babur mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, akwai akwatin ABS a tsakanin masta da kalifa, kuma idan zargi ya faɗa kansa ba aikin bakin titi ba ne.

Idan mai ne ya ƙi komawa

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Kwance hannun birki gaba ɗaya, ƙusa ɗaya ce da noti a ƙasa. Idan cire shi kawai ya sa taya ta saki, an gama bincike. Wannan ya fi faruwa bayan babur ya faɗi an sayo sabon hannu a kasuwa: kamanninsa ɗaya da na asali, amma ɗan tudun da ke tura fistin ɗin masta ya fi tsawo da milimita ɗaya ko ƙasa da haka. Wannan kaɗan ɗin ya isa ya tura robar masta ta rufe ramin komawa. Ɗora sabon a kan tsohon ka gwada su. A nemo wanda ya dace. Goge tudun da fayil dabara ce ta wucin gadi. Wasu tsofaffin Yamaha suna da 'yar ƙusar saiti a jikin hannun, kuma ana barin wasa na milimita 2 zuwa 5 a ƙarshensa. Mai son birki ya kama da wuri yakan ɗaure ta har wasan ya ɓace, sai birki ya fara riƙewa da rana. Duba kuma ko ƙusar da hannun ke juyawa a kai ta bushe ko an ɗaure ta fiye da kima, ko kuma wata kariyar hannu da aka ƙara tana tokare shi.

Sai yawan mai. Kofi na da layin sama, kuma iskar da ke bisa layin ita ke ba mai wurin kumbura. Yadda abin ke faruwa: fad ya cinye, mai ya sauka, aka ƙara, daga baya aka saka sabon fad aka tura fistin ciki, man da ke bayansa ya dawo kofi ya cika shi maƙil. Tsaida kan babur yadda kofi zai daidaita, ka buɗe murfin. Ƙusoshinsa biyu masu laushi ne, a danna sukundireba sosai kafin a juya, in ba haka ba kansu ya cinye. Zuƙe rarar da sirinji har zuwa layi.

Tun da murfi a buɗe yake, ɗauki robar da ke ƙarƙashinsa ka duba ta da kyau. Idan ta kumbura, ta yi yaushi, ta fi bakin kofin girma har ba ta komawa mazauninta, an taɓa zuba abin da ba man birki ba: man inji, man giya, ko an wanke kayan da fetur ko kalanzir. Robobin birki an yi su ne don man birki mai lamba DOT 3 da DOT 4, man fetur kowane iri kumbura su yake yi. Ɗiga ɗan man kofin a cikin ruwa a kwalba mai haske. DOT 3 da DOT 4 na gauraya da ruwa. Man inji yana tasowa sama ya yi ido-ido. Idan ya taso, canza mai kaɗai ba ya magani. Duk robar da man ya taɓa sai ta tafi: ta masta, ta kalifa, da tiyon kansa.

Yanzu ramin komawa. A ƙasan kofi ramuka biyu ne, babba da ƙarami, kuma ƙaramin shi ne na ɓangaren da tiyo yake. A wasu baburan akwai ɗan falle na ƙarfe a kansa. Matsa hannun birki a hankali ƙwarai kana kallo, fuska a gefe: a farkon matsawa ya kamata ka ga mai ya ɗan motsa ko ya yi 'yar tsartuwa daga ramin. Idan shiru, a toshe yake, ko fistin bai dawo ƙarshe ba. Zuƙe man duka, ka goge laka baƙa da ke kwance a ƙasa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a cire fistin ɗin masta tukuna: zare robar ƙura da ke bayan hannun birki, cire kilif da filaya mai tsini, fistin da sifirin ɗinsa su fito. Sannan a zura silin waya guda ɗaya, wanda aka warware daga tsohuwar wayar totur, a buɗe ramin. Ba a faɗaɗa shi da ƙusa ko abin huda, domin bakinsa zai yi kaifi ya riƙa yanka roba.

Sau da yawa da an zare robar ƙurar nan ake ganin tsatsa ta taru a bayan fistin da kewayen kilif. Ruwan wanki da ruwan damina ne ke shiga. Tsatsar ke hana fistin dawowa milimitar ƙarshe. A goge, a saka sabon saitin robobi. Idan cikin silindar ya yi ramuka ko zane mai kama farce, sabon masta ya fi.

Tiyo kuwa ba a gyara shi. Bangon cikinsa ne ke ɓarewa ya zama ƙyaure: matsin hannu na iya tura mai ya wuce, amma ɗan ƙarfin dawowa ba ya iya buɗe shi. Daga waje sai ka gan shi garau. Abin da ke jawo haka shi ne tsufa, da matse tiyo da filaya, da barin kalifa tana reto a jikinsa lokacin cire taya. A saka sabo tare da sababbin washa na tagulla, biyu a kowane kai.

Idan ƙarfe ne ya ƙi motsi

Kafin ka cire kalifa, sassauta ƙusoshi biyu da suka ɗaure ta a jikin shokazoba, zagaye ɗaya kacal, ka juya taya. Idan ta saki, zaman kalifa da faifai ne bai daidaita ba, ka tsallaka zuwa sashe na gaba. Idan ba ta saki ba, cire ta, ka rataye ta da waya. Juya taya babu kalifa. Idan har yanzu da nauyi ko gurnani, birki ba shi da laifi tun farko: boris ne, ko giyar mitar gudu da ke jikin taya.

Fad ɗin da ka ciro zai gaya maka rabin labari. Ajiye su biyun gefe da gefe. Yawancin ƙananan babura kalifarsu mai zamiya ce, wato fistin ɗaya ko biyu a gefe guda, jikin kalifar kuma yana zamewa a kan fil biyu don ya jawo ɗaya fad ɗin. Idan na ɓangaren fistin ya cinye, ɗayan kuma na nan da kauri, fil ya ƙame. Idan fad ɗaya ya cinye a karkace, gefe siriri gefe mai kauri, fil ɗaya ne ya ƙame ko fistin ɗaya daga cikin biyu. Idan duka biyun sun cinye da wuri, fuskarsu ta yi santsi tana ƙyalli, sun daɗe suna ƙonewa. Wanda abin gugarsa ya sauka zuwa milimita 1 da rabi, ko kwarin da ke tsakiyarsa ya shafe, ya gama aiki.

Riƙe ƙarfen da kalifa ke zaune a kai da hannu ɗaya, jikin kalifa da ɗayan, ka ja ka tura. Da yatsu kawai ya kamata ta riƙa zamewa. Idan sai da duka, zare su biyun daga juna. A goge fil har ya yi haske, a wanke ramukan, a duba robobin da ke rufe su ko sun yage. Fil ɗin da ya lanƙwashe ko ya yi gaɓa a canza shi. Giris ɗin da ake shafawa a nan na silikon ne, ko jan giris na roba. Giris ɗin boris na yau da kullum shi ne babban mai kashe wannan wuri: ranar da aka shafa shi sai kalifa ta yi laushi, bayan 'yan makonni robar ta kumbura ta shaƙe fil fiye da da. Kuma shafa kaɗan ake yi. Idan aka cika ramin da giris, iska ta rasa mafita, sai ta riƙa turo kalifa gefe ɗaya.

Shi ma fad dole ya riƙa motsi a mazauninsa. Ƙusar da ta ratsa kunnuwansa takan yi kwari inda suke gogarta, sai fad ya faɗa kwarin ya ƙi komawa. Bi ta da farce. Idan ka ji gaɓa, sabuwa. Fad mai arha kuma sau da yawa fentin gefensa ya yi kauri ko yankansa bai fita daidai ba. Wanda sai an buga shi da guduma ya shiga, ba zai taɓa saki ba. A rage fentin gefen ƙarfen da fayil har ya shiga da hannu, ba tare da ya yi kwaram-kwaram ba. Tabbatar ɗan falle mai sifirin da ke danne fad ɗin ya zauna ta fuskar da ta dace.

Sai fistin, inda aikin ya fi yawa. Da murfin kofi a sassauce, tura fistin ciki da manyan yatsu biyu. Mai lafiya yana shiga a hankali, santsi, babu tsayawa. Kada ka tura shi yana da datti, domin ƙurar hunturu da garin fad da suka daskare a jikinsa za su shige ƙarƙashin sil. Wanke shi tukuna. Sa ɗan katako mai kaurin faifai da fad ɗaya a tsakiya don kada ya fice gaba ɗaya, ka matsa birki a hankali har tsabtataccen ɓangarensa ya bayyana, milimita 4 ko 5 ya isa. Idan fistin biyu ne, wanda ya fi laushi shi zai riƙa fitowa. Danne shi da katako don ɗayan ya motsa. Wanke da ruwan sabulu mai ɗumi da tsohon buroshin haƙori. Bayan fistin, inda buroshi ba ya kaiwa, a zagaya igiyar takalmi da aka jiƙa da man birki a riƙa ja gaba da baya. A ɗauraye, a busar, a shafa ɗan man birki, a tura ciki, a sake fitowa da shi, sau uku ko huɗu. Idan ya koma shiga da yatsa kuma kana ganin yana ɗan ja da baya duk lokacin da aka saki hannu, ya warke.

Idan bai warke ba, ko ka ga leɓen robar ƙura ya leƙo waje a gefen fistin, sai an buɗe. Fitar da fistin da ƙarfin mai tun tiyo na haɗe: ci gaba da matsawa kana ƙara mai a kofi, kana daidaita su biyun su fito tare, har su kusa faɗowa, sannan a kwance tiyo a ƙarasa da yatsu. Wanda ya fara kwance tiyo ya jefar da mafi kyawun abin turawa da yake da shi. Masu amfani da iskar kwamfuresa su cusa tsumma da katako a gaba, yatsu kuma nesa, domin fistin na fitowa da ƙarfin da ke fasa ƙashi. Ba a kama jikin fistin da filaya. Zane ɗaya ya isa ya sa shi yoyo.

A cikin kowane rami zobe biyu ne, siriri na ƙura a waje, mai kauri na matsi a ciki. Zaro su da tsinken katako ko na roba. Ka haska cikin kwarin da suka fito: za ka ga wani farin gari ya daskare, wani lokaci har ya yi ɓawo. Tsatsar alminiyom ce, kuma ita ce ainihin ciwon. Tana girma a bayan zoben, tana turo shi ciki, yana shaƙe fistin. Wanda ya saka sabon sil bai kankare wannan ba, wahala kawai ya sha. A kankare da katako mai tsini ko waya ta tagulla da aka lanƙwasa, a bi kusurwoyin kwarin duka, musamman na saman da ido ba ya gani sai an juya kalifa. A wanke da ruwan sabulu ko sabon man birki, a busar sarai.

Fistin mai tabo kawai ana goge shi da tsumma. Wanda tsatsa ta ci ta yi ramuka a inda yake bi ta cikin sil, a canza shi; samfefa na ƙara cire rufin da ke kare shi ne. Tsohon sil ba ya komawa ko da ya yi kyau a ido, domin taushin da yake jawo fistin da shi ya riga ya mutu. Jiƙa sababbin da man birki, ka zaunar da su ba murɗewa, ka shafa wa fistin mai, ka tura shi a miƙe da yatsu. Idan ya cije, ya karkace ne, fito da shi ka sake.

Faifai da zaman taya

Don gane faifan da ya karkace, ɗaure fensir ko guntun waya a jikin shokazoba, bakinsa dab da fuskar faifai kusa da gefe, ka juya taya a hankali. Littattafan babura da yawa suna sa iyakar karkata tsakanin milimita 0.1 da 0.3, saboda haka duk ratar da ido ya gani tana buɗewa tana rufewa a fili ta wuce kima. Kafin a yanke wa faifai hukunci, kama taya sama da ƙasa ka girgiza. Boris da ya mutu na sa faifai lafiyayye rawa. Kwance faifan kuma ka duba ko datti ko tsatsa ta shiga tsakaninsa da mazauninsa. A jikinsa an buga mafi ƙarancin kauri, misali MIN TH 3.5 mm. Wanda ya sauka ƙasa da haka, ko ya yi shuɗi saboda ƙuna har ya karkace, sabo ake saka wa. Miƙe shi da guduma ba ya ɗorewa.

Idan riƙon ya fara ne daga ranar da aka yi faci ko aka canza taya, ko a sabon babur da aka haɗa daga kwali, duba gajerun bututun ƙarfe da ke gefe biyu na taya. Tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma idan aka musanya su ko aka manta ɗaya, faifai zai matsa gefe ya jingina da fad ko da jikin kalifa. Giyar mita ma dole haƙoranta su faɗa gurbinsu. A baburan da ke da ƙusar matse shaf ɗin taya a ƙasan shokazoba, tsarin ɗauri shi ne: a ɗaure babban noti, a bar ta matsewar a sake, a sauke babur ƙasa, a danna kansa sau biyar don ƙafafun shokazoba su sami mazauninsu, sannan a ɗaure ta.

Birkin baya mai faifai duk wannan ya shafe shi, da ƙari huɗu. Sandar da ke tura masta daga feda tana da noti na saiti, kuma idan aka tsawaita ta har wasa ya ƙare, ramin komawa ya rufe. Mazaunin fedar kan yi tsatsa ko sifirinta ya saki, ta daina dawowa sama. Ɗaga ta da hannu ka ga ko taya ta saki. Sannan bayan jan sarƙa, idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ja, taya ta karkace, faifai ma ya bi ta. Wani lokaci kuma ƙafar mai babur ce ke kwance kan feda bai sani ba, sai a sauke fedar ƙasa kaɗan.

Haɗawa da zuba mai

Goge faifai da abin wanke birki ko ruwan sabulu, a busar. Fad ɗin da ya sha mai ba ya wankuwa. A zuba irin man da aka rubuta a murfin kofi, daga sabuwar kwalba mai hatimi. Ta mililita 250 ta ishi birki ɗaya har da saura. DOT 4 sabo sai ya kai digiri 230 a ma'aunin Salshiyos yake tafasa, amma yana zuƙar danshi daga iska, kuma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Ruwan nan ne kuma ke haifar da tsatsar cikin kalifa da lakar da ke toshe rami, shi ya sa ake canza mai duk shekara biyu ko da birki na kamawa. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da sauran, DOT 5.1 kuwa dangin DOT 4 ne duk da kamannin lambar.

Saka tiyo mai haske a bilida, ɗaya bakin cikin kwalba. Matsa hannu sau uku ka riƙe, buɗe bilida rubu'in zagaye, rufe kafin hannu ya kai ƙarshe, sannan ka saki. A maimaita har mai ya fito garau babu kumfa, ana lura kada kofi ya ƙafe. Idan hannu ya ƙi yin tauri, iska na maƙale a sama: juya kan babur yadda masta zai zama mafi tsayi, ka riƙa ɗan taɓa hannun kana ƙwanƙwasa tiyo, za ka ga ƙananan kumfa na tasowa ta ramin. Bilida ba ta son ƙarfi, Nm 5 zuwa 8 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri, da ta zauna a ɗan ƙara kaɗan. Ƙusar tiyo yawanci tsakanin Nm 23 da 35 take, gwargwadon kamfani, ta kalifa kuma a bi littafin babur ɗin.

Kafin babur ya motsa, matsa birki har ya yi tauri, domin fistin da aka tura ciki sai an matsa sau da yawa yake isa fad. Riƙe shi da ƙarfi na rabin minti kana duba yoyo a kowace mahaɗa. Sabon fad a zaunar da shi da tsayawa kamar goma daga gudun kilomita 40 zuwa tafiyar ƙafa, ana barin tazara ya huce. Daga nan a sake gwajin farko: kilomita 3 ba a taɓa shi ba, a yayyafa ruwa. Idan faifai ya sake zafi, buɗe bilida nan take kafin ya huce, ka ga ko mai zai yi tsartuwa. Idan a hanya ne kuma nesa da gida, wannan buɗewar za ta saki taya muddin matsi ne ya maƙale, sai a rufe, a tabbatar hannu na da tauri, a ƙarasa a hankali da ɗaya birkin, ana tsayawa duk 'yan kilomita ana duba zafi.